Ƙoƙon Kawu

Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu. Ya cika da hantsi, a tsakiyar bazara, cikin bukkarsa da ke bayan ganuwar Gwaram, ƙafarsa ta dama ta kumbura kamar turmi. Kafin rana ta take, gindin tsamiyar ƙofar gida ya cika da maza, tsakar gida ta cika da mata. Mutumin da ya shekara da shekaru ba mai amsa sallamarsa da cikakken baki, ran nan har tabarmar shimfiɗawa sai da na rasa.

Ni ce 'yar ƙanwarsa, ni ce kuma na yi jinyarsa, saboda haka gabana ake durƙusawa. Na zauna ina karɓar gaisuwa ina sauraron bakin kowa. Ba wanda ya ce, "Allah ya ji ƙansa." Kowa sai ya gyara murya, ya dubi ƙasa, ya ce, "Allah ya ji ƙan musulmi." Wato in Kawu yana ciki, to ya samu, in kuwa ba ya ciki, su dai ba su yi asarar addu'arsu ba. Ban taɓa ganin rowa irin wannan ba, rowar da ta kai har ga abin da ba a saye a kasuwa.

Inna Ƙarama, autarsu, ita ta fi kowa kuka. Ta faɗi ta tashi, ta kira sunan uwarsu da ubansu. Amma ina kallonta, bakinta yana kuka idonta yana yawo a jikin bango, daga ragaya zuwa bayan randa. Ba ita kaɗai ba. Duk matar da ta shigo sai ta leƙa lungu kafin ta dubi inda gawa take. Na san abin da suke nema, kuma yana ɗaure a cikin zanena.

Gawar kuwa tana kwance yadda na rufe ta, ba namijin da ya tashi ya ce a kawo ruwa. Limamin Gwaram, dattijo ne mai tsoron Allah, ya ce shi ba zai yanke hukunci a kan mutum ba alhali wansa yana zaune, wansa ne ya san shi ciki da waje. Wan nan shi ne wanda dangi duka ke kira Malam Babba. Idan ya ce ƙaninsa musulmi ne, a wanke shi, a yi masa salla, a kai shi maƙabarta cikin mutane. Idan ya ce a'a, sai a ja shi zuwa kwazazzabo a tura ƙasa a kai. Malam Babba yana zaune a kan buzu yana jan carbi, bai ce e ba bai ce a'a ba, rana kuwa tana ta hawa. Wanda ya san bazarar ƙasarmu ya san gawa ba ta jiran mai tunani.

Ina faɗin wannan ne don kada abin da za a riƙa tunawa da Kawu ya zama abin da mutanen gindin tsamiya suka ga dama.

Mu gidan malamai ne na Birnin Kudu. Kakanmu ya bar makaranta da littattafai, Malam Babba ya gaje su. Kawu shi ƙafa ya gada. Tun yana saurayi ya bi ayarin fatake masu kai kanwa da baƙaƙen riguna ƙasar Nufawa, har can inda Kwara ta haɗu da Binuwai. A wata tafiya atuni, gudawar jini, ya kayar da shi. Ayari suka jira iya jiransu, suka ga ba mai tashi ba ne, suka aje masa goran ruwa suka wuce. Wata tsohuwa ce ta tsince shi, 'yantacciyar baiwa, asalinta ma Bahaushiya, amma ta shiga addinin Nasara a can bakin ruwa. Ta sa aka kai shi rumfarta, ta ɗora masa hannu a ka, ta roƙi Allah da sunan Isa Almasihu, ta ba shi ruwa a ƙoƙo. Ya tashi. Ya zauna wurinta har damina ta wuce, sannan ya komo gida ba riba ba uwar kuɗi, sai ƙoƙon nan da magana ɗaya a bakinsa: Isa yana raye, kuma bai daina taɓa marasa lafiya ba.

Mahaifiyata ta ba ni labarin yadda suka yi a zaure. Malam Babba ya ce, "Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya warkar da makaho da kuturu da izinin Allah. Wannan tun muna yara muka karanta. Wa ya musa maka?"

Kawu ya ce, "Yaya, ku kun karanta. Ni a kaina aka ɗora hannu."

Zamanin kuwa ba na wasa da wannan magana ba ne. Mahara daga duwatsun Ningi sun hana mutane noma nesa da ganuwa, ana kuma raɗe-raɗin cewa a cikin duwatsun akwai waɗansu da ake kira Isawa. Kawu bai taɓa ganin ko ɗayansu ba, amma wa zai tsaya tambaya? Aka fara cewa ɗan leƙen asirinsu ne. Iyayen matarsa suka ɗauke 'yarsu. Malam Babba, don ya wanke sunan makarantarsa, da hannunsa ya fitar da tabarmar ƙaninsa da butarsa ya aje a bakin hanya. Kawu ya naɗe tabarma ya yi gabas, bai tsaya ba sai bayan ganuwar Gwaram, inda bukkokin kutare suke, don nan ne kaɗai ba wanda zai ce masa matsa.

Mutum ne dogo, mai ƙaramin gemu, mai dariya da dukan jikinsa. Ba ya rataya laya, ba ya shan rubutu, ba ya shan sassaƙe. Ran Lahadi ba ya taɓa fartanya ko da ciyawa za ta haɗiye dawar, kuma kullum sai ta haɗiye, gonarsa ce abin nuni a duk karkarar. Da kutare yake cin tuwo a akushi ɗaya. Wanda ba shi da yatsu, Kawu ne ke yanko masa loma ya sa masa a tafin hannu, suna ci suna gardamar wanda ya fi wani haɗama. In aka kawo masa marar lafiya, sai ya wanke hannu, ya ɗora masa a inda ke ciwo, ya yi roƙo da Hausa tsantsa kamar mai magana da maƙwabcinsa ta kan danga, sannan ya ɗebo ruwan randa a ƙoƙo ya ba shi. Ba ya karɓar ko ƙwai. Abin da yake faɗa kullum shi ne, "Ba ni ba ne, ba kuma ruwan ba ne. Je ka gode wa Mai shi."

Masu zuwa kuwa, Allah ya sawwaƙe. Ba sa biyowa ta hanya. Ta bayan gida suke ɓullowa da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit, mata da igiya a hannu wai itace suka fito nema, ga yaro a goye jikinsa kamar garwashi. Matan mutanen da ke kiransa kafiri a dandali ne, kuma mazan sun sani, wani ma shi ke rako matar ya laɓe a bayan kuka. In yaro ya tashi, sai ka ji a gari ana cewa rubutun malam wane ne ya yi aiki. In ya mutu, to ai ga abin da zuwa wurin ɗan Isawa ke jawowa. Kawu yana jin duka, sai ya yi dariya ya ce, "Bar su, Uwata, yaron dai ya tashi." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini.

Za a tambaye ni ko yana warkarwa. Ni musulma ce, ban bi Kawu ba, ban kuma taɓa ɓoye masa haka ba. Abin da na gani shi ne waɗansu sun tashi, waɗansu sun mutu, kamar a hannun kowane mai magani. Kutaren da ya ci tuwo da su shekara da shekaru, ban ga yatsan da ya tsiro ba. Amma na ga abin da ya yi mini.

Ina aure a Sundimina agana ta kama ni, ƙuraje suka feso mini ko'ina. Dangin mijina suka kafa mini 'yar bukka a ƙarshen gona, suka kai ni suka aje. Abinci daga nesa ake turo shi da gora, kamar ana ba kare mai cizo. Daga gidanmu na Birnin Kudu aka aiko da rubutu a cikin gora da gaisuwa mai yawa, ɗan aiken ya aje a kan kunyar gona ya juya da gudu. Ina kwance ƙuda sun rufe ni, idona ba ya buɗuwa, sai na ji an ɗaga kaina an ɗora a kan cinya. Kawu ne, ya tako tun daga Gwaram a ƙasa. Ya share mini jiki da tsumma mai ɗumi, ya dama kunu ya riƙa ɗura mini kaɗan-kaɗan, ya ɗora tafinsa a goshina, a kan ƙurajen, yana roƙonsa. Bai tafi ba sai da ɓawon ya zube. Mijina ya leƙo daga baya, ya ga yadda fuskar ta koma, ya tuna ashe yana da doguwar tafiya a gabansa. Ni kuma na bi Kawu Gwaram, ban sake komawa ba.

Wannan jinya ta zame mana abin tsokana har ƙarshen ransa. In ya ce, "Isa ya tashe ki," sai in ce, "Ni dai kunu na san na sha." Sai ya ce, "To wa ya aiko kunun?" In ce, "Wani tsoho mai taurin kai." Ya yi ta dariya har da tari.

Akwai al'adar da muke da ita a wannan yanki, kowa ya san ta. Ƙoƙon da aka yi wa mamaci wanka da shi ba ya komawa cikin gida. A kan makara ake ɗora shi, in an gama binnewa babban dangi ya fasa shi a kan kabari, a bar sakainar a nan. Wata shekara wani tsohon kuturu ya rasu a bukkar da ke kusa da mu, ba dangi, ba mai taɓa shi. Kawu ya wanke shi, kuma da ƙoƙon nan na bakin Kwara ya wanke shi, don shi ne a hannunsa. Ya kai shi, ya binne, ya fasa ƙoƙon a kan kabarin kamar yadda ake yi wa kowa. Da ya dawo sai ya dubi duman da na shuka ya hau kan bukkata, ya ce, "Uwata, fafe mini ɗaya." Na fafe masa. Daga baya ma ya tsage, na ɗinke shi da zare, ɗinkin ya fito baƙi a gefe kamar tabo.

Wannan ƙoƙo na kan bukkata shi mutane suka ɗauka ya zo daga ƙasar Nasara. Na ga mace ta sumbace shi. Na ga wadda ta lashe ɗinkin. Labari ya kai har Basirka da Wurno cewa sirrin duk a cikinsa yake, wai ko ruwan kududdufi aka zuba a ciki ya zama magani. Na ce, "Kawu, ka gaya musu mana." Ya ce, "Na gaya musu har na gaji. Sun fi son abin da za su iya sacewa."

Faɗanmu na gaske a kan ƙafarsa ne, kuma har yau ban huce ba. Kututture ya soke shi a gona, wurin ya rufe da ruwa a ciki, ƙafa ta fara hawa. Na kira wanzami, ya duba ya ce abu ne mai sauƙi, sakiya za a yi, a huda kumburin da jan ƙarfe mugun ruwan ya fita. Kawu ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyalinsa, ya sa na ba shi fura, sannan ya sallame shi.

Na ce, "Kawu, wanzamin nan ma ai Allah ne ya halicce shi, shi ya ba shi sanin."

Ya ce, "In Isa yana son ƙafar nan, ya san inda take."

Na ce, "Kunun da ka ɗura mini fa? Me ya sa ba ka zauna ka jira ya dama da kansa ba?"

Ya juya fuska bango. Muka yi kwanaki ba ma magana sai ta dole. Ina wanke masa ƙafa ina kuka don haushi, yana kallon rufin ɗaki. Na faɗa a gabansa, zan kuma faɗa a bayansa: taurin kai ne, kuma shi ya kai shi kabari. Mutumin da ya san ciwon kowa ya ƙi jin nasa. Sai da ƙafar ta yi baƙi har ya wuce gwiwa, wari ya cika ɗaki, sannan wata safiya ya kamo hannuna ya ce, "Uwata, kada ki riƙe shi a zuci. Isa ya taɓa ni a bakin Kwara ina gawa, ya ƙara mini duk shekarun nan, har na same ki a cikinsu. In bai sake taɓawa ba, ba zan ce ya cuce ni ba." Ban ce masa na yarda ba, don ban yarda ba. Na dai gyara masa matashi.

Da na ga abin ya yi nisa na aika Birnin Kudu. Ban sa rai ba, sai ga su a kan jakuna tun kafin in zata, Malam Babba da babban ɗansa da Inna Ƙarama. Na yi mamakin wannan zumunci da ya farka bayan tsawon barci, sai da na ga Malam ya sauko ana riƙe da hannunsa. Idanunsa duka biyu sun yi yana, fari fat. Malamin da ba ya ganin rubutu kuwa, almajiransa sun fara zamewa zuwa wata makaranta. A cikin gari suka sauka, ba a gidanmu ba. Washegari ɗan ya jawo shi har bakin ƙofar bukka, ya tsaya nan, ya toshe hanci da gefen rawani.

Kawu ya ji muryarsa. Ya yunƙura, ya miƙo hannu daga kan gado, ya ce, "Yaya, kai ne? Shigo in taɓa idon nan."

Malam Babba ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi." Ya juya ya ce da ɗansa su tafi.

Hannun ya daɗe a miƙe kafin in mayar masa da shi cikin mayafi. Wannan ce ganawarsu ta ƙarshe, kuma da safiyar da ta biyo Kawu ya cika.

To, ga mu a ranar, rana ta wuce tsaka, ƙuda sun fara taruwa a bakin ƙofa, Malam yana ta jan carbi. Na tashi na zaga bayan rumbu don kada a ga hawayena, sai ga ɗan Malam ya biyo ni. Taubashina ne, tun muna yara ba ma raga wa juna, amma ran nan ya zo da murya ƙasa-ƙasa kamar mai zawarci.

Ya ce, "'Yar Gwaggo, sannu da haƙuri. Malam ya ce in tambaye ki ƙoƙon nan."

Na ce, "Wane ƙoƙo? Gidan nan ƙoƙuna sun yi yawa?"

Ya ce, "Kin san wanda nake nufi, mai ɗinki. Malam ya ce fitina ne ga jahilai. Gara ya koma hannunsa ya adana shi inda ba mai gani."

"Ya adana. To, gawar ƙaninsa fa, wa zai adana ta?"

Ya sosa ƙeya ya dubi gefe. "Ai shi ya sa. In kin ba da shi, Malam zai yi magana yanzun nan. Ni da kaina zan yi wankan."

Na dube shi tun daga rawani har takalmi. Jiya hannu mai rai ya miƙo musu kyauta, sun nemi tsari da shi. Yau sun zo cinikin ɓawon duma, kuma gawar ɗan'uwansu ce kuɗin saye. Raini ya cika mini ciki har na ji kukan ya tsaya. Na ce, "Je ka ce Malam ya yi maganarsa a gaban mutane, in ji da kunnena."

Ya tafi da sauri har yana tuntuɓe. Ina daga bayan zana na ji Malam Babba ya yi gyaran murya. Ya ce ya yi nazari, ya auna, ƙaninsa an haife shi a kan musulunci, an yi masa huɗuba an yanka masa rago, abin da ya same shi daga baya taɓuwa ce ta ciwon da ya yi a baƙuwar ƙasa, wanda hankalinsa ya taɓu kuwa ba a kama shi da laifi. A wanke shi a sallace shi. Liman ya ce alhamdu lillahi. Mutanen da tun safe suka kasa ɗaga gindi suka miƙe rududu, wannan ya nemi fartanya, wancan ya tafi ɗauko makara. Mahaukaci suka mai da shi don su sami hanyar binne shi. Na haɗiye wannan ma, don ramin nake so.

Aka kewaye wurin wanka da zana a tsakar gida. Na kawo ruwa a tulu da ganyen magarya, na kawo likkafanin da na kaɗa zarensa da hannuna tun kumburin yana idon sawu. Taubashina ya naɗe hannun riga ya shiga, liman yana tsaye a bakin zanar, maza sun cika ƙofa, mata sun yi cirko-cirko. Sai ya leƙo ya ce a miƙo abin zuba ruwa.

Na kwance zanena na fito da ƙoƙon. Na ɗaga shi yadda kowa zai ga ɗinkin. Na ji Inna Ƙarama ta ja numfashi. Na ɗaga murya, irin yadda mace ba ta yi a gidan mutuwa, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗanka ya gaya mini ka ce ƙoƙon nan fitina ne ga jahilai. Gaskiyarka. Ga shi, a wanke mai shi da shi, ya bi shi kabari, kowa ya huta."

Na sa shi a hannun liman, liman ya miƙa ciki.

Sai wani daga ƙofa ya ce, "Madalla da Malam!" Saura suka ɗauka. "Wannan shi ne malami." "Allah ya ƙara wa Malam tsoron Allah." Masu faɗin haka rabinsu matansu sun sha ruwa a ƙoƙon, kuma na tabbata kowannensu ya zo da nasa shirin a kansa, amma wa zai fara cewa a'a? Taubashina ya tsaya da ƙoƙo a hannu kamar an ba shi garwashi. Ya dubi ubansa, uban ba ya ganinsa. In ya ce a sake wani, sai ya faɗi dalili. Carbin Malam Babba ya tsaya cak. Daga ƙarshe ya ce, da wata siririyar murya, "A yi wanka, rana tana yi."

Na zauna a jikin zanar ina jin zubar ruwa. Sai a lokacin na yi kukan Kawu.

An sallace shi a ƙofar gida, sahu har bakin hanya, an ɗauke shi da ƙoƙon a kife a kan makara. Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma maƙwabcinmu kuturu, wanda ya fi kowa daɗewa yana cin tuwo da Kawu, ya bi su daga nesa ya tsaya a bayan geza, shi ya ba ni labari. Ya ce da aka gama tura ƙasa aka sa ƙoƙon a hannun Malam Babba, shi ne babban dangi. Malam ya riƙe shi yana juyawa, yana shafa cikinsa da yatsa inda sauran danshi yake, sannan ya kai hannun fuska wai gumi yake sharewa, ya goga a ido ɗaya ya goga a ɗayan. Aka kai hannunsa kan dutsen da ke wajen kai. Ya ƙwanƙwasa a hankali kamar mai gwada kankana, ƙoƙo bai fashe ba. Liman ya ce, "Ƙara dai, Malam." Ya ƙara, ya fashe.

Maƙwabcin namu ya ce shi ya jira sai da kowa ya watse, sannan ya matsa ya zauna a gefen kabarin ya yi masa sallama irin ta masu cin akushi ɗaya.

Washegari da hantsi na ɗauki tulu kamar za ni rafi, na bi ta gefen maƙabarta don in ga inda aka sa shi. Yana cikin mutane, kusa da wata aduwa, an yi masa tudu mai kyau. Na dubi wajen kai. Dutsen yana nan. Sakaina kuwa ko ƙwaya ɗaya babu, an tsince ta tas, har ƙasar wurin an kankare da farce. Sawun takalma ne kawai, manya da ƙanana, sun zagaye kabarin.

Ran sadakar uku suka zo sallama za su koma Birnin Kudu. Inna Ƙarama tana da sabon ƙulli a bakin zane. Taubashina ya kasa haɗa ido da ni. Malam Babba yana kan jaki, an ɗinka masa sabuwar laya an maƙala a rawani daidai saman gira, fatar ko bushewa ba ta yi ba, kuma ba murabba'i ba ce irin ta takarda, tana da lanƙwasa. Idanun suna nan fari fat yadda suka zo. A bayansa, a kan bukkata, duman da ya sake yaɗo da damina ya bushe, 'ya'yansa suna reto a rana.

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, a sauka lafiya."

Ya juyo da fuska wajen muryata, bai dace da inda nake ba. Ya ɗaga hannu ya taɓa layar, ya gyara murya ya ce, "Sai haƙuri. Allah ya ji ƙan musulmi."

Na ce, "Allah ya ji ƙan Kawu, ƙaninka, wanda ya miƙo maka hannu."

Ba wanda ya ce amin a cikinsu. Daga can gindin danga maƙwabcinmu ya ɗaga dungulminsa biyu sama, ya faɗa da ƙarfi.